Gwaggo Hure da Irin Geron Dogo

A ƙauyensu da ke bayan Minjibir, da dariya aka san Gwaggo Hure. Ko a majami'a, kafin a ga fuskarta an jiyo ƙyalƙyalarta daga bakin ƙofa. Shekara arba'in da ɗaya tana bin mijinta Dogo a gona, shi yana sara da sungumi, ita tana zuba iri tana rufewa da diddige, tana yi masa tsiya wai layinsa ya karkace kamar haƙoransa.

Dogo ya rasu ana saura kwana huɗu a yi bikin Ista. Ya bar mata dami ɗaya na irin gero, zangarniyar da yake zaɓa da hannunsa kowace kaka tun zamanin ubansa. In damin nan ya salwanta, irin ya ƙare ke nan.

Dogo ba ya jiran ruwa. A busasshiyar ƙasa yake shuka, iri ya kwanta har damina ta iske shi. Da lokaci ya yi, Hure ta sussuke damin kaf, ta saɓa sungumi.

Malam Tasi'u, maƙwabcin gonarsu, ya leƙo ta kan iyaka. "Gwaggo, ki rage rabi mana. In yayyafi ya jiƙa shi ya ɗauke, ruɓewa zai yi."

"Malam, da na kai Dogo makwancinsa rabinsa na rage?" Ta kece da dariya har sungumin ya suɓuce mata. "Gaba ɗayansa na ba Ubangiji, kuma Yesu ya ce zai tashe shi. To gero ne zan yi wa rowa?"

"Allah ya shirye ki, Gwaggo. Ga layinki ma ya fi nasa karkacewa."

Abin da Malam ya faɗa kuwa shi ya faru. Aka yi yayyafi, sama ta yi ɗif har kwana shida. Dariyar Hure ta ɗauke. Kullum da sassafe takan tsuguna bakin rami ɗaya, yatsanta na ƙaiƙayin ya tona, sai ta janye hannu. Tun ranar jana'iza ba ta yi kuka ba sai a wurin nan.

A rana ta bakwai, da la'asar, hadari ya taso daga gabas, aka kwana ana tafka ruwa. Bayan kwana uku ta fito ta tarar da gonar ta yi tsiri-tsiri, kore shar, layi yana tafiya a karkace har gindin gawo. Wasu ramukan sun mutu, zabi sun tone na gefen hanya, amma mafi yawa sun tsaya.

Ta yar da ɗankwali, ta rangaɗa guɗa, ta hau taka rawa a cikin taɓo, tsohuwa mai jika tara. Malam Tasi'u ya riƙe ciki yana dariya. "Gwaggo, za ki tattake abin da kike wa murna."

Ba ta kula shi ba. Ta nufi maƙabarta da sassarfa, ƙafa duk laka, ta zauna gefen kabarin tana haki.

"Dogo, geronka ya riga ka tashi," ta ce, tana share ido da gefen zani. "Kai dai kwanta abinka, naka ruwan na tafe. Dama can kai ba ka da saurin tashi."