Kofin Bindigar Fentin Kawu

Jiya ina fesa wa wata bas fenti a garejinmu na Gyaɗi-Gyaɗi, sai na ji sanyi yana bin yatsuna. Kofin bindigar ne ya fara yoyo. Na juya zan ce, "Kawu, zo ka gani," sai na ga bencinsa babu kowa.

Kawu ƙanen mahaifiyata ne, shi ya ɗauko ni daga ƙauye. Shekarar da soja suka miƙa mulki, motocin 'yan siyasa suka cika mana gareji. Wata rana kofin ya yi yoyo, fenti ya ɗiga a kan bonet ɗin motar da muka wuni muna gyarawa, ga mai motar yana hanya. Na kama murfin kofin ina murɗawa da ƙarfi.

"Sassauta, ɗan nan," in ji Kawu. "Matsi ne yake kashe robar."

Ya juye fentin, ya zuba tina, ruwan da ake tsinka fenti da shi, ya karkata kofin yana bin bakinsa da babban yatsa har ya ji inda ya jiƙe. Robar murfin ce ta tsage. Ya yanko wata, ya zura tsinken tsintsiya ya buɗe 'yar kafar iskar da ke jikin murfin. Muka goge bonet muka sake fesawa, yana ta tari.

Tarin nan bai bar shi ba. A Tarauni muka binne shi.

Jiyan ni kaɗai na canza robar, ni kaɗai na ci abincin rana.

Allah Ya jiƙanka, Kawu, Ya yalwata maka kabari, Ya sada mu a Aljanna.