Karen da Kowa Ya Shafa wa Magani

A Kolere na girma, a gidan kakarmu da muke ce wa Maama. Idan an yi sallar isha aka ɗaure maruƙa, sai ta ja tabarma kusa da murhu, inda sauran wutar tuwo ke ci. Mu jikoki mu kewaye ta, hayaƙin kara yana korar mana sauro. Hausarta ba ta da yawa, idan kalma ta ɓace mata sai ta cike da Fulatanci, ba ta ko tsayawa.

"Ga ta nan tafe," in ji ta. "Wanda ya yi gyangyaɗi, ba na maimaitawa."

Wadda ta fi zama a kaina ita ce ta karen wani makiyayi da gashinsa ya fara zuba, daga gefen ido zuwa baki, har ƙafafun gaba. Kare ya shiga neman magani. Biri ya shafa masa taɓon mayo, wato rafi. Kura ta ce toka ce maganin, ta tumurmusa shi a ciki tana lasar baki. Jaki ya ce a gwada kanwa. Kowa ya shafa nasa, fata tana ƙara tsagewa. Daga ƙarshe ya faɗi a ƙofar wata tsohuwa mai tallan nono. Ba ta dubi fatar ba, haƙarƙarinsa ta duba.

A nan Maama takan sassauta murya. "Ta ce masa, kai bawan Allah, duk waɗannan masu shafa maka, akwai wanda ya ba ka ka ci?"

Tsohuwa ta riƙa zuba masa sauran nono da ƙanzo, har gashi ya dawo.

"To, kura fa, Maama?" Haka muke tambaya kullum.

"Kura tana nan tana jira. Ku tashi ku kwanta."

A lokacin, ni dai kurar ce ke ba ni dariya.

Yanzu sana'ata shanu. Ina saye a ƙauyuka, in tara a garke a bayan gari kafin tirela ta kwashe zuwa kudu. Saboda ɓarayi na karɓo ɗan kwikwiyo daga garin Muchalla, muka sa masa suna Duna. Mu nan ba ma taɓa kare, saboda tsarki. Daga nesa ake jefa masa abin da ya rage, ba mai matsowa ya dube shi. Shi ya sa sai da idanunsa suka yi zobe, bakinsa ya koma ja ba gashi, sannan aka lura.

Wata safiya na tarar da Buba mai gadina ya ɗaure shi a turke, ga galan na baƙin man inji a hannunsa.

"Alhaji, ƙazwa ce. In ban shafa masa ba, har mu zai shafa wa."

"Ka taɓa ganin wanda baƙin mai ya warkar?"

"Wani ya warke, wani ya mutu."

"To, nawa ba zai shiga caca ba. Ajiye."

Na dubi haƙarƙarin Duna, ana iya ƙirga su daga inda nake tsaye.

Na kira likitan dabbobi, ya kankari fatar kaɗan, ya duba a madubinsa. Ya ce ƙananan ƙwari ne da ke zama a gindin gashi, kusan kowane kare yana ɗauke da su tun yana shan nonon uwarsa. Ba sa kama mutum. Ba sa yin ɓarna sai jiki ya yi rauni, ko da yunwa ko da tsutsar ciki. Baƙin mai kuwa, ya ce, ƙona fata yake yi, kare ya lashe ya shiga cikinsa. Ya ba da maganin ƙwarin da na tsutsa, ya ce kada a daina don an ga gashi ya fito, sai ya sake kankara ya ga babu.

Abin ya ɗauki watanni. Na sa a riƙa dafa masa nasa, da ƙashi da tumbi daga mahauta. Buba yana mita wai kare ya fi shi cin nama, amma shi ke kai masa kwanon. Yau Duna baƙi ne wuluk, kuma ba mai kusantar garken nan da dare.

Ba zan ce Maama ta san ƙwarin nan ba, kuma nono kaɗai ba zai kashe su ba. Amma ta san inda ake fara dubawa. Har yanzu idan aka kawo mini sa mai mugunyar fata, ko yaron shago ya fara lalacewa kowa yana kawo shawarar abin da za a yi masa, tambayar tsohuwar nan nake fara yi: wa ya ba shi ya ci?