Gidan Harsashin Filimon

A duk faɗin Bronx babu wanda ya gaji farauta kamar Filimon. Kakansa Sarkin Baka ne a wani ƙauye kusa da Pankshin, mutumin da aka ce ɓauna kan kauce masa a hanya. Shi kuwa Filimon bas yake tuƙawa a titin Grand Concourse, kuma tun da ya sami lasisin bindiga bai taɓa kawo ko zomo gida ba.

Kowane Nuwamba abokin aikinsa Kwabena kan ɗauke shi a mota su nufi dazukan arewacin jihar neman barewa. Bindigar Filimon mai sakata ce, irin wadda ake cusa wa harsasai ta sama, ɗaya bayan ɗaya. A bara barewa ta fito masa yana tsakiyar cusawar, yatsunsa sun sandare don sanyi, harsasan suka zube cikin dusar ƙanƙara. Barewar ta tsaya ta gama kallonsa, sannan ta tafi a tsanake.

Da ya yi shiru da an manta. Amma ran Lahadin godiya ta 2016 sai ya miƙe a gaban ikilisiya ya yi alkawarin naman barewa ga cimar Kirsimeti. Matan zumunta suka yi guɗa. Tun daga ranar, in ya shigo majami'a sai ya ji ana "Sannu da zuwa, Sarkin Baka," ya kasa gane ko girmamawa ce.

Magani, a ganinsa, shi ne a sauya wa bindigar ciki, a sa mata gidan harsashi mai cirewa, wanda zai cika a cikin mota inda akwai ɗumi, ya maƙala shi da bugu ɗaya. Nan damuwa ta fara. Na ƙarfe nauyi gare shi, na roba kuma an ce sanyi kan fasa shi. Wani sai an fafe katakon bindigar kafin ya zauna, in aka fafe kuwa ba komawa. Mafi kyawunsu na cin harsashi goma, alhali dokar birnin biyar ta yarda, kuma Filimon mutum ne da in ɗan sanda ya hau bas ɗinsa sai ya ji kamar shi aka zo kamawa.

"Baban Nankling," in ji matarsa Susana, tana kallonsa yana jujjuya hotuna a waya abincinsa na hucewa, "biyar ko goma, ka fara harba ɗaya mana mu gani."

"Ba ki san farauta ba."

"Na san inda ake sayar da naman akuya a unguwar Mount Hope. In yi musu magana?"

"Kada ki kuskura."

Daga ƙarshe ya zaɓi na ƙarfe mai cin biyar, ya sa mai gyaran bindiga ya ƙirga a gabansa, ya sake ƙirgawa da kansa. Da ya dawo gida sai wani tsoron ya taso: in aka shigo bincike fa, ko 'yarsa Nankling ta yi karambani? Ya kulle bindigar a akwatinta. Gidan harsashin da harsasan kuma ya yi ta sauya musu maɓoya, yau nan gobe can, har ya sami wurin da ya tabbata babu mahaluƙin da zai tuna da shi.

Asabar ta ƙarshe ta lokacin farauta suka isa daji da sassafe. Ko ƙofar mota ba su rufe ba Kwabena ya dafa kafaɗarsa, ya nuna da haɓa. Namijin barewa ne, ƙosasshe, yana kiwo a bakin itatuwa.

"Maigida, ga Kirsimetinka can," in ji Kwabena cikin raɗa. "Sa abin naka."

Filimon ya buɗe akwati, ya ɗaga bindigar. A ƙarƙashinta akwai rami mai kusurwa huɗu inda gidan harsashin ke shiga, an yanka shi da kyau ƙwarai, wayam. Ya laluba aljihun dama, ya laluba na hagu.

Gidan harsashin yana Bronx, a saman firiji, cikin kwanon daddawar Susana.