Ranar da Maman Caja Ta Yanke Salatif

Ni ne akawun ƙofar lodi a kamfanin da ke haɗa rediyo mai caji. Kowace mota ta shigo ko ta fita, ni nake rubuta lokacinta da yawan kwalayenta. Abin da zan faɗa game da Maman Caja a gabana ya faru, kuma lokutan duk daga littafina na ɗauko su.

Shekara goma sha tara ta yi a babban sitonmu da ke can ƙarshen gari. A tsarin da, kamfani yana haɗa rediyo ya tura sito, daga can a raba wa dillalai. Aikinta shi ne saka caja a akwatin kowane rediyo, domin wani dillalin mai ƙafa biyu yake so, wani mai ƙafa uku, ba a sanin wadda za a saka sai oda ta zo. Daga nan sunan ya kama ta, har mijinta ma haka yake kiranta. Tsohon direba ne, ciwon suga ya zaunar da shi, da katin asibitin kamfani na matarsa yake karɓar magani.

Da aka kawo sabon manaja, sai ya ce sito ɓata lokaci ne: a riƙa ɗora kaya daga layin haɗawa kai tsaye zuwa wurin mai saye. Aka rufe sito, aka sallami mutum talatin, aka ɗauko huɗu zuwa ƙofar lodi a kan gwajin wata uku. Maman Caja tana cikinsu. Takardar tabbatar da ita tana cikin durowata, saura kwana tara wa'adin ya cika, sa hannun Manaja kawai take jira.

Ranar Talata aka yi lodin farko na sabon tsari. Kwali ɗari biyu, kowanne rediyo goma sha biyu, zuwa wani babban kanti mai rassa da yawa. Tafiyar awa huɗu ce, kuma ƙarfe huɗu na yamma suke rufe ƙofar karɓar kaya. Wanda ya makara, sai ya jira mako guda. Tun da safe Manaja ya tara mu ya ce duk wanda ya jawo jinkiri ya nemi wani wurin. Akwai kuma tsohuwar doka: kwalin da aka liƙe da jan salatif na kamfani, ma'aikaci ba ya buɗewa, domin mai saye ba ya karɓar wanda aka taɓa. Hukuncinta kora.

Ƙarfe goma da rabi an ɗora kwali ɗari da tamanin. Maman Caja ba ɗauka ba ce aikinta, lambobi take dubawa, amma wani kwali ya karkace sai ta sa hannu ta gyara shi. Na ga ta tsaya. Ta ɗaga shi, ta ajiye, ta ɗaga na kusa da shi.

“Malam Akawu, zo ka ji,” in ji ta. “Kwalin nan ba shi da nauyi.”

Na ɗaga. Ni dai nauyi na ji.

“Babu caja a ciki.”

Dogo, direban motar, yana zaune a bakin taya yana shan shayi. Ya ce, “Mama, ke ko a mafarki caja kike gani. Ki bar mu mu kama hanya tun rana ba ta yi ba.”

“Kai dai sha shayinka, ɗan nan. Da kai nake?”

Sai ga Manaja da wayarsa a kunne. Ya ga lodi ya tsaya, ya kashe wayar.

“Me ake jira?”

Ta gaya masa, idonta a ƙasa. Bai yi faɗa ba. Ya ce a ɗora kwalin a sikeli. Ni na karanta: kilo tara da ɗigo shida. Ya miƙo mini takardar lodi da kwamfuta ta fitar. Kilo tara da ɗigo shida.

“Kin gani? Sikeli ya yarda, takarda ta yarda. Hannunki ne bai yarda ba?”

“Ranka ya daɗe, takardar nan nauyin da yake fitowa daga layi ta sani. Mu a sito idan mun gama, goma da ɗigo takwas yake zama.”

“Babu sito yanzu.”

“Shi ya sa, ranka ya daɗe. Wa ya gaya wa layi su saka?”

Ya kira shugaban layi a waya. Wayar tana ta ƙara, ba a ɗauka ba, ƙarar injuna ba ta barin su ji. Ya duba agogo. Sha ɗaya saura kwata.

“A gama lodi,” in ji shi. Ya juya gare ni. “Akawu, rubuta minti goma sha biyar na jinkiri, ka sa sunanta.”

Na rubuta. Aikina ne.

Masu lodi suka ci gaba. Ta koma gefe ta jingina da bango. Na matsa kusa da ita na ce a hankali, “Yaya, ki bari. Kin faɗa, na ji, zan iya shaida. Ki tuna da Maigida da katinsa.”

“Na tuna,” ta ce. “Cikin kwana biyu kantin nan zai raba su zuwa rassa. Mutum ya sayi rediyo ya kai gida, ya caja shi da me? Da yatsa? A dawo da dubu biyu da ɗari huɗu, a ce wa ya duba lodi? Ni ce dai.”

Saura kwali uku. Ta zaro 'yar wuƙar yanke salatif daga aljihun rigar aiki, ta tare mai lodin, ta karɓi kwalin ta ajiye a gaban Manaja. Sai da ta ja sau biyu kafin salatif ɗin ya rabu. Dogo ya ajiye kofinsa.

Ta ciro akwati ɗaya. A jikinsa ga hoton rediyo da cajarsa. Ta buɗe: rediyo, takardar bayani, sai ramin da aka yi wa caja, wayam. Ta buɗe na biyu. Haka.

Manaja ya daɗe yana kallon ramin nan. Sannan ya ce, “Ina cajojin?”

“Suna sito. Masu ƙafa uku kantin nan yake saye, suna kanta ta huɗu, a ƙasa. Ni na jera su.”

Buɗe kwali ɗari biyu a sake liƙewa aikin yini ne. Ya kira kantin, ya yi nesa da mu, amma mun ga yadda yake ta sunkuyawa kamar suna gabansa. Minti ashirin aka yi. Suka yarda a kawo cajojin a kwalaye daban, a mota ɗaya, kuma ƙarfe huɗu na nan yadda take. Aka sauya kwalin da ta yanke da wani daga layi.

“Ki hau mota,” ya ce mata, ya jefa wa Dogo mukullin sito. “Maganarki kuma sai kin dawo.”

Motar ta fita sha ɗaya da minti goma sha takwas. Sito yana kan hanya, amma sai sun ratse. Sha biyu da minti biyar Dogo ya kira ya ce sun tashi daga can. Saura awa huɗu ba minti biyar a rufe ƙofar kantin, ga tafiyar kusan awa huɗu a gabansu. Ban iya cin abinci ba. Manaja ya leƙo sau uku.

Huɗu saura minti bakwai wayar teburina ta yi ƙara.

“Malam Akawu, rubuta mun shiga,” in ji Dogo. “Matar nan ko ruwa ba ta bari na tsaya na saya ba. Na ce zan kama ruwa, ta ce in riƙe.”

Washegari Manaja ya kira ni da ita ofis. Ya ce doka doka ce, idan ya ƙyale kowa zai ɗauki wuƙa. Ya sa na buga mata takardar gargaɗi, da dakatarwa ta kwana uku. Ta sa hannu ba ta ɗaga kai ba. Har ta miƙe, sai ya ce in kawo ɗaya takardar, ta tabbatar da ita a aiki. Ya sa hannu a kanta, ya ce daga Litinin za a kafa mata tebur a ƙarshen layi, babu kwalin da za a liƙe sai ya bi ta wurinta.

A waje na taya ta murna. Ba ta yi murmushi ba, ta zauna a kan benci ta cire takalmi ɗaya tana matsa ƙafa.

“Ka ba ni aron wayarka,” ta ce. “Tun jiya ban iya gaya wa Maigida komai ba.”