Goggon Awo, Mai Auna Saurin da Ido Ba Ya Gani

Kafin sauranmu mu iso ofis, Goggon Awo ta riga ta shige ɗakin gwaji ta ja ƙofa. Ɗan ƙaramin ɗaki ne a ƙarshen baranda, ba taga, sai dogon tebur da kwamfutoci uku a jere: sabuwa fil, da matsakaiciya, da wata tsohuwa mai fanka da ke gurnani kamar injin niƙa. Za ta goge su, ta duba zafin ɗakin, ta rufe duk manhajar da ba ta cikin gwaji, sannan ta gyara zama ta danna maɓalli. Daga nan ko ƙuda ba shi da izinin shiga.

Oganmu da kansa ya taɓa leƙawa ya soka wayarsa a jikin sabuwar kwamfutar don caji. Ta dube shi ta saman tabarau.

"Ranka ya daɗe, ka ɓata min awon safiya."

"Haba Goggo, ɗan cajin nan?"

"Ɗan cajin ne ya shiga lissafi."

Ta share sakamakon kakaf ta sake daga farko. Oga ya fito sum-sum da waya a hannu, mu kuma kowa ya sunkuyar da kai yana cizon leɓe.

Mu masu kula da wani harshe ne na rubuta manhaja, wato harshen da ake ba kwamfuta umarni da shi. Asibitoci da makarantu da ofisoshin sufuri suna aiki da shi. Wasu a cikinmu suna ƙara masa sabbin abubuwa, ni ina rubuta bayanin yadda ake amfani da shi. Ita kuwa, duk wanda ya bugi ƙirji ya ce ya ƙara wa harshen sauri, ita ce take aunawa ta gani. Wannan aiki ta riƙe tun gashinta yana baƙi, ga shi a wannan watan ta ajiye shi. Ba a taɓa sa hotonta a jarida ba, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Abin da ba za mu manta ba shi ne maganar Dogo, abokin aikinmu. A da, harshenmu kamar tafinta yake: ya karanta layi, ya fassara wa injin, ya wuce na gaba. Ko layi ya maimaitu sau dubu, sai ya sake fassara shi sau dubu. Dogo ya kwashe shekaru yana gina abin da muke kira fassarar nan-take. Ana cikin aiki take lura da layukan da ake yawan maimaitawa, ta juya su zuwa yaren injin, ta adana, ba sai an sake ba. Hutunsa ya tafi a kanta, har matarsa tana tsokanarsa wai ofis ne gidansa, nan gida ziyara yake zuwa.

Aka fitar da fassarar don gwaji, sai ga koke. Wani mai ba da magani a asibiti ya bugo waya ransa a ɓace. Ya ce manhajarsu ta koma yin nawa, layin marasa lafiya ya kai bakin ƙofa. Wata makaranta ma ta kira. Oga ya tara mu ya ce a cire abin kawai a huta. Dama Dogo ya fara gaya min a asirce cewa in aka cire, barin aikin zai yi.

Goggo ta ɗaga hannu. "A ba ni zuwa ƙarshen mako."

"Kin dai ji koke-koken," in ji Oga.

"Na ji koke. Ban ga awo ba."

Washegari ta ɗauki jakarta ta tafi asibitin da ƙafarta. Ta nemi izini ta tsaya bayan kanta, tana kallon yadda mai maganin yake aiki: ya buɗe, ya duba sunan magani, ya rufe, ya kira na gaba. Ta wuce ofishin sufuri, inda wata akawu take haɗa jadawalin motocin gari gaba ɗaya, aikin da kwamfuta take ta juyawa tun safe har bayan cin abincin rana. Ta dawo ta kwaikwayi ayyukan biyu a ɗakinta, ta maimaita, ta maimaita, tana zubar da zagayen farko har injin ya ɗumama.

Sannan ta yi abin da ba ta taɓa yi ba: ta kira Dogo cikin ɗakin, har da ba shi kujera.

"Zauna, ƙanena. Abin nan naka ba lalatacce ba ne. Azarɓaɓi ne da shi."

Ta nuna masa. A gajeren aiki irin na mai magani, fassarar tana tashi da wuri, kamar a ɗora ƙatuwar tukunya don dafa ƙwai ɗaya, kuma tsohuwar kwamfuta ta fi jin jiki. A dogon aiki irin na akawu kuwa, gudu take kamar an sako ta daga ɗauri. Dogo ya daɗe yana kallon allon, sannan ya yi dariya idonsa da ƙwalla. Suka koya wa fassarar haƙuri, kada ta motsa sai layi ya maimaitu sosai. Shi yana gyara, ita tana aunawa, har gajeren aiki ya dawo daidai, dogon kuma ya ninka sauri.

Oga ya so a rubuta ninki biyar a sanarwa, domin wani zagaye ya nuna haka. Goggo ta girgiza kai. "Sa'a ce ta ranar. Rubuta ninki biyu da ɗoriya, kowa zai gani da idonsa." Haka aka rubuta. Mai magani ya sake bugowa, wannan karon yana tambayar wa zai yi wa godiya. Akawun kuma ta aiko saƙo cewa yanzu ita take ɗauko 'ya'yanta daga makaranta.

Goggo, ke ce wadda muke tsoron zuwanta da sakamako, kuma ke ce wadda muke barci da daɗi in ta ce ya yi. Ke ce ba ki taɓa ƙara wa lamba kitse don a ji daɗi ba, ba ki kuma taɓa rage ta don a kunyata wani ba. Uwar ma'auni, mai faɗin gaskiya da murmushi.

A walimar bankwana mijinta ya tashi ya ce mu daina kuka, mu tausaya masa. "Ku kun huta, ni yanzu na shiga uku. In na ce na yi saurin dawowa daga kasuwa, sai ta ce idan aka kwatanta da yaushe?" Ɗakin ya kece da dariya, ita har da share ido da gefen mayafi.

Ku masu tasowa, a kowace sana'a kuke, ku yi koyi da ita. Kafin ku yaba, ku auna. Kafin ku rushe aikin ɗan'uwanku, ku auna. Ku je inda ake amfani da abin ku tsaya ku gani.

Mun gode, Goggo. Allah Ya ƙara lafiya, Ya sa hutun ya yi albarka. Dogo ya ce in gaya wa duniya cewa 'yar da aka haifa masa sunanki take ci, kuma ta fara rarrafe. Ya ce sauri take kamar iska, amma ba zai faɗa a bainar jama'a ba sai kin zo kin gani.