Matar da Ta Ƙi Yi wa Maharbi Guɗa

Ni da ƙanena Sale a ɗakin kakarmu Iya Gambo muka girma, a wani ƙauye tsakanin Bici da Kunci, inda gona take manne da gona har akuya ba ta iya juyawa ba ta taka shukar wani ba. Mahaifiyarmu ta rasu muna ƙanana, Baba kuma kullum yana wajen cin rani. Don haka idan an gama girbi, aka ci tuwon magariba, mu uku ne kawai muke kewaye wutar kara a ƙofar ɗakinta. Sai ta tura gyaɗa cikin toka, ta ce Sale ne mijinta na so, ni kuwa marowaci ne, ko ɓarin goro ban taɓa saya mata ba. Maganar tana ƙona mini rai, ita kuma shi ya sa ba ta gajiya da maimaita ta.

Yawancin tatsuniyoyinta na ban dariya ne. Amma akwai wata da in za ta yi sai ta ja zane ta rufe ƙafafunta, ta ce, "Ga wata nan tafe, ku matsa mata. Wannan ba ta son dariya."

Wai wani gari ne birai suka addaba. Da gero ya fara ido sai su sauko su yi ta karya zangarniya. Mutanen garin sukan kafa rumfa a tsakiyar gona, su ɗora yara a kai da ƙwarya da ɗan sanda, su wuni suna kaɗawa. Ana nan sai ga wani maharbi daga nesa, ya ce shi zai raba su da wannan masifa. Bai tambayi kowa yadda ake tsaron gona a garin ba. Ya bari gero ya bushe a tsaye, iska ta juya, ya cinna wa gonakin yamma wuta. Birai suka ƙone, sauran suka bar ƙasar. To, a kan wata rumfa a gonakin yamman nan akwai yara biyu, 'ya'yan wata mata da duk garin babu mai guɗa kamarta.

Da maharbi ya shigo gari, mai gari ya aika a kira ta ta rangaɗa masa guɗa. Mutanen gabas suka ce ya cece su, ga geronsu nan tsaye. Mutanen yamma suka ce wane irin ceto, ga toka. Shi kuma ya rantse birai ne suka yi ta yawo da wutar a wutsiya. Matar dai tana tsaye, bakinta a rufe.

A nan Iya take tsayawa ta dube mu. "To mazajena, ta yi guɗar ko kada ta yi?"

Sale ya ce ta yi mana, ai birai sun tafi. Ni in ce kada ta yi, ba don na fahimci komai ba, don dai in saɓa masa. Mu yi ta musu har gyaɗar ta ƙone. Iya ba ta taɓa raba mana gardamar ba, sai dai ta watsa wa wuta ƙasa ta ce a tashi.

Iya ta rasu, Baba ya bi ta. Gonar gadonmu ba ta iya riƙe gida biyu, sai Sale ya bar mini ita ya tafi can gabas, bakin ruwa, yana sarin busasshen kifi, matarsa Rabi da 'yarsu suna wurina. A can yaƙi ya rutsa da shi. Wasu masu bindiga suka kama garin da yake zaune, suka ce sun zo fitar da talaka daga zalunci, wayarsa ta daina shiga. Bayan watanni muka ji a rediyo an 'yanto garin. Ranar maƙwabta suka cika mini zaure da barka, na shimfiɗa tabarma na raba goro, kuma wallahi murna nake yi har zuciyata.

Sale bai zo ba. Wanda ya zo wani direba ne da ya saba ɗauko masa kaya. Ya ce ranar da aka ƙwace garin ranar kasuwa ce, kuma kasuwar kifin ta ci wuta da mutane a ciki. Wasu suka ce daga sama aka sako wutar, wasu suka ce waɗanda aka kora ne suka cinna kafin su gudu. Shi dai bai ga Sale ba, a raye ko a mace.

Shekaru Rabi tana zaune, ba ta da miji, ba ta da takaba. Ni na hana a taɓa maganar, domin in na ce ya mutu, cikin mu ukun nan ni kaɗai na rage. A majalisa har yau ana musu, an ceci garin ko ba a cece shi ba, in an juyo kaina sai in tashi. A wannan zaman kaɗaicin ne na lura ni da Sale mun sha gardama a kan matar nan ta tatsuniya, amma ba wanda ya taɓa tambayar Iya wa ya raka matar gida, ko wa ya taya ta neman 'ya'yanta cikin toka.

Bara da kaka Rabi ta durƙusa a ƙofar zaure. "Yaya, na gaji. Ka faɗi wani abu, in san ko ni matar wani ce."

Na je wurin liman, aka kai maganar gaban alƙali, aka yanke cewa Sale ya rasu, Rabi ta shiga takaba. Maƙwabtan da suka zo barka su ne suka dawo gaisuwa. Wani dattijo a cikinsu, don ya sanyaya mini rai, ya ce ko ba komai dai an 'yanto garin. Na ce masa haka ni ma na ji.