Muryar da Zakari Ya Goge da Hannunsa

Zakari ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ni na goye shi. Saboda haka in na ce tun yana ƙarami kunnensa ya fi hankalinsa girma, ba ƙage na yi masa ba. Yaro ne da za a aika sayen gishiri, a same shi tsugune a bakin maƙera yana sauraren guduma. Lekol ma bai yi nisa ba, malamin ya gaji da ɗalibin da ke kaɗa tebur da yatsu ya bar allo. Da ya tasa sai ya bi maza cin rani Kano, kamar kowane saurayin Matameye. Wasu suka dawo da babur, wasu da kayan aure. Shi gogan ya dawo da wata tsohuwar kwamfuta mai tsagaggen gilashi, wadda sai an ɗaure murfinta da roba. Wani mai shagon ɗaukar waƙa da ya yi wa shara da aike ne ya ba shi, ya kuma nuna masa yadda ake harhaɗa kiɗa a cikinta, ba ganga ba kalangu.

Ya kafa rumfa kusa da tasha, yana cajin salula, yana tura wa mutane waƙoƙi a kati. Da wannan yake ci. Amma in ciniki ya lafa, sai ya toshe kunnuwansa ya shiga yankan sauti. Ba abin da ya tsira daga hannunsa. Kiran 'yan kamasho, tallar mai fura, kukan jaki ranar kasuwa, duk ya ɗauka a waya, ya yayyanka, ya jera bisa kiɗa. Na sha ce masa, "Kai dai ka ji kunya, ƙato da kai kana bin jaki da salula." Sai ya yi dariya ya ce, "Yaya, jakin nan ya fi wasu mawaƙan riƙe murya."

Ya auri Basira, 'yar wani ƙauye a bayan Kurni. Mace ce marar hayaniya, sai ka wuni a gidan ba ka ji bakinta ba. Mu nan gari mun saba kai hatsi inji, ita kuwa ta ce furar inji ba ta kama ciki, don haka turminta bai taɓa hutawa ba. Katanga ɗaya ta raba gidana da nasu, kullum tare muke daka. A bakin turmin nan kaɗai Basira ke buɗe baki. Tana da wata waƙa da take rerawa, muna lugude:

Mai tafiya rani, in ka ga hadari ka juyo,
Turmi ya gaji da jira, ni ban gaji ba.

Muryarta ba siririya ba ce. Tana da ɗan kauri da 'yar dishewa, in ta kai ƙarshen baiti takan sauko ƙasa a hankali. Ni da ba ruwana da waƙa, sai da na riƙa rage bugun taɓarya don in ji.

Zakari ya ji, ya rasa sukuni. Ya yi roƙo, ya yi lallashi, ta ce atafau. "Muryar matar aure a tasha?" in ji ta. "'Yan kamasho su ji ni, labari ya kai wa Inna? Ka rufa mini asiri, Malam." Ya ce zai sauya muryar yadda ko uwar da ta haife ta ba za ta gane ba. Daga ƙarshe ta yarda, amma da sharaɗi: in ya gama sauyawa, ya goge ta asalin a gaban idonta, kada ya bar ko ɓurɓushi, a waya ko a kwamfuta.

Haka aka yi. Wata rana da hantsi ya ajiye wayarsa a gindin turmi, muka yi daka, ta yi waƙa, 'yarsu Fadila tana goye a bayanta tana barci. Ya kwashi kwanaki yana aiki. Ya ɗaga muryar sama har ta koma siririya kamar ta 'yar tsana, ya yanka ta gutsi-gutsi, ya sa wata kalma ta riƙa maimaita kanta, ya mai da bugun taɓaryarmu ganga. Da ya gama ya kira mu. Basira ta saurara, ta rufe baki da gyale tana dariya, ta ce wallahi wannan ba ita ba ce. Sannan ta nuna kwamfutar da haɓa. Ya danna, ta asalin ta tafi, ta cikin wayar ma ya goge ta. Na ga hannunsa ya ɗan yi jinkiri, amma alkawari kaya ne, ya sauke.

Waƙar ta kama gari. 'Yan kabu-kabu suka sa ta, aka yi rawa da ita a bukukuwa har Kance da Yauri. Mutane suka yi ta cewa wata mawaƙiyar Kano ce. Basira takan ji ta daga tsakar gida in babur ya wuce, ta dube ni, mu ƙunshe dariya.

Fadila ba ta daɗe da yaye ba Basira ta sake samun ciki. Haihuwar ta zo da gardama. Kafin a kai ta asibitin Damagaram rai ya yi halinsa, ita da abin da ke cikinta. Ba zan manta ba, muna zaman makoki wani ɗan kabu-kabu ya wuce ƙofar gida da waƙar nan a lasifikarsa. Bai san komai ba, bawan Allah. Zakari yana zaune cikin maza a kan tabarma, ya sunkuyar da kai, bai ɗago ba har ƙarar ta ɓace.

Ni na ɗauki Fadila. Tsohuwar kwamfutar ma ba ta kai damina ba ta mutu da duk abin da ke cikinta. Basira kuwa ƙaramar waya ce da ita, mai maɓalli, ba ta taɓa tura wa kowa saƙon murya ba. Abin da ya rage a duniya na muryarta shi ne waƙar da ke yawo a katin mutane.

Zakari bai sake tayar da zancen ba shekara da shekaru, har ranar da Fadila ta dawo daga lekol ta tsaya a rumfarsa. Wata ƙawarta ta nuna mata saƙon muryar tata uwar a waya. Ta ce, "Baba, ni yaya muryar mamana take?" Ya buɗe baki zai kwatanta mata, ya rasa ta inda zai fara. Da yamma ya zo mini idonsa jajir. "Yaya, na manta," ya ce. "In na rufe ido don in ji ta, muryar da na ƙera nake ji. Ita ta cinye waccan."

Tun daga nan ya shiga aikin da ya fi ƙarfinsa. Ya samu wata kwamfutar, ya riƙa sauko da muryar ƙasa kaɗan kaɗan, wai ko za ta koma yadda take. In ya sauko da ita da yawa ta zama ta ƙato, in ya rage ta zama ta wata matar da ba mu sani ba. Na gaya masa gero in ya zama gari ba ya komawa tsaba. Bai ji ba. Ya rame, ciniki ya lalace, mai caji ya zo ya yi ta sallama shi yana can kunnuwa a toshe. Raina ya ɓaci, tausayi kuma ya hana ni faɗa.

Ni ma kunnena ya rikice, na kasa ce masa i ko a'a. Saura mutum ɗaya, Inna Hauwa, mahaifiyar Basira. Zakari ya ce ai saboda ita aka yi alkawarin. Na ce uwar mamaci ba tasha ba ce, ka bar ni da ita.

Muka ɗauki Fadila muka shiga motar Kurni. Shi ya tsaya a gindin bishiyar bedi a ƙofar gida, don suruki ba ya zama gaban surukarsa ya kunna mata waƙa. Ni na shiga da wayar. Basira 'yar fari ce, Inna ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai dai "yarinyar nan". Ko ranar rasuwar ba wanda ya ga hawayenta. Na gaya mata komai. Ba ta yi faɗa ba, ta ce in sa.

Na sa ta farko da ya gyara. Ta girgiza kai. Na sa ta biyu, ta uku, har na ƙure su. "Ba ita ba ce," ta ce. "Ku bar wahal da yaron nan." Na fara naɗe gyalena, sai ta ce, "To wadda mutanen gari ke ji fa? Sa mini in ji abin da aka ɓoye mini."

Waƙar tana farawa ne da daka zalla, kafin kiɗa da murya su shigo. Taɓarya ta sauka, ta sake sauka, kuma bayan kowane bugu na biyu akwai ɗan nishin nan da mace ke yi in ta saki taɓarya. Zakari bai taɓa nishin ba. A wurinsa ganga ce, ya yanko shi tare da bugun turmi ya bar shi yadda yake, don wa zai gane mutum da nishi?

Inna ta ɗaga hannu. "Mai da baya," ta ce. Na mayar. Ta jawo Fadila ta zaunar da ita a cinyarta, ta kara wayar a kunnen yarinyar.

"Ba bugun farko ba, wannan na gwaggonki ne. Saurari na biyun. Kin ji? Tun tana kamar ke haka take yi, kamar mai jin haushin turmi." Ta ce, "Basira ce. Basirata ce."

Na fita na samu Zakari a tsaye, ya cire hula yana murzawa. Na gaya masa. Ya ce shi da ya ji wurin nan sau ba adadi, bai taɓa jin kowa a ciki ba. Ya zame ya zauna a tushen bedin, ya rufe fuska da hular. Daga cikin gida muna jin Fadila tana cewa, "Kaka, a sake mai da baya."